Sigarin lantarki: kwafi mai araha ko orijina mai tsada?

Yallaɓai, na ga tambayarka tun daren jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce shekara 14 kana shan taba, tari ya fara damunka, kana so ka gwada sigarin lantarki ko Allah zai sa ka rabu da kara. Ka shiga wani shago a nan Bauchi, aka ɗora maka guda biyu a kan kanta kamar an tsaga kara, ɗaya naira dubu 13, ɗaya dubu 48. Mai shagon ya ce ai duk 'yan China ne, suna kawai ake saya. Kana so ka ji ko gaskiya ya faɗa.

Rabin gaskiya ya faɗa. Ni gyaran waya nake yi a wajen Wunti, kuma da yake abin nan batir ne da caji, in ya mutu mu ake kawo wa. Na buɗe cikin mai tsada, na buɗe cikin mai araha, abin da idona ya gani shi zan gaya maka.

Inda ya yi gaskiya shi ne batun China. Wanda ya ƙirƙiro sigarin a siffar da muka sani yau, Hon Lik, mai haɗa magunguna ne ɗan China, a shekarar 2003. Har gobe mafi yawan waɗanda ke duniya a birnin Shenzhen ake ƙera su, kuma SMOK da Vaporesso da Voopoo da Geekvape da Uwell duk can gidansu yake. Kamfanin da ke yin Tecno da Itel ɗin da ke aljihunmu ma a Shenzhen yake. Don haka a ce abu ɗan China ne ba aibu ba ne. A titi ɗaya ake samun mai aikin kirki da mai ha'inci.

Sai dai mai arahar ma kashi biyu ne, kuma masu shago ba sa son rabe maka su. Akwai kwafi, wanda ya kwaikwayi siffar wani amma ya buga nasa sunan, kamar telan da ya ga ɗinki a jikin wani ya yanka irinsa. Akwai kuma jabu, wanda ya saci siffa, ya saci suna, ya saci kwali har da tambari. Da na farko ana iya zama a yi lissafi. Na biyun kuwa, wanda ya yi maka ƙarya a suna me zai hana shi yi maka ƙarya a batir? Tunda ka ce har rubutun kwalin iri ɗaya ne, na fi zaton na dubu 13 ɗin nan jabu ne.

Asalin gardamar kwafi da orijina ta taso ne lokacin da ƙananan maƙera a Amurka da Turai da Filifin suke yin na hannu 'yan kaɗan, suna tsawwala kuɗi, masana'antun China kuma suna fitar da irinsu a farashi ƙasa sosai. Wancan samfurin bututun ƙarfe ne kawai da maɓalli, shi ya sa masu kare kwafi suke da hujja a bakinsu. Na yanzu da fanel a ciki, wato allon da ke sarrafa wutarsa, to lissafin ya canza.

A jiki dai kwafi ba ya jin kunya sosai. Fentinsa yana saurin ɓarewa, wajen murɗa tankin ruwan nikotin yana cinyewa, robar da ke tare ruwa ba ta kamawa da kyau, wata rana ka tarar ya yi maka taswira a aljihun farar shadda. Wannan ɓacin rai ne kawai, ba ya kisa.

A fanel ne suka raba gari. Orijina yana da 'yar ƙwaƙwalwa da ke gadinsa. In ka danne maɓalli ya kai kamar daƙiƙa 10, da kansa zai yanke wuta. In waya ta taɓa waya zai ƙi tashi, in ya ɗau zafi zai tsaya, in caji ya kai bolt 4.2 zai rufe. Kwanakin baya wani saurayi ya kawo mini nasa yana cewa yana ƙona masa hannu. Na kwance. A fuska yana nuna lambobi, ana ƙarawa ana ragewa, sai ka ce abin arziki. A ciki kuwa, ko ka kai lambar sama ko ka dawo da ita ƙasa, mitata abu ɗaya take karantawa. Wayoyin sirara kamar gashin masara, an ɗiga musu dalma kamar kashin kaza, ɗaya ma selotef ke riƙe da ita. Lambobin ado ne kurum. Irin wannan in maɓallinsa ya dannu a aljihu kana kan mashin, babu mai ce masa ya isa.

Yanzu batir, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Manyan suna amfani da wanda ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Masu yin na gaske ba su da yawa, irin su Samsung, LG, Molicel, da Murata wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017. Mafi ƙarfin na gaske a wannan girman bai wuce wajen mAh 4,000 ba (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa). To in ka ga an rubuta 9,900 a jiki da jan fenti da hoton wuta, ajiye shi. Ƙarya ce tsirara. Da yawansu tsofaffin batiran kwamfutar cinya ne aka ɓare aka sake musu riga. Na gaske in ka ɗora a sikeli zai ba ka wajen giram 45, na bogi sau da yawa ko a tafin hannu za ka ji ba nauyi. Na taɓa yanka ɗaya don son sani, na tarar da ɗan mitsitsin batir a tsakiya, sauran wurin an cike shi da gari.

Ga lissafin a sauƙaƙe. In koyil ɗinka, wato 'yar wayar da ke gasa ruwan ya zama hayaƙi, om 0.15 ne, batir kuma ya cika bolt 4.2, a samfurin da ba shi da fanel zai ja wuta amfiya 28. Samsung 25R na gaske, wanda ake yabo, amfiya 20 aka yi shi ya ɗauka. Wato ko shi an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, balle tsohon da ya gama rayuwarsa a kwamfuta. Batirin litiyam in ya fusata ba mutuwa yake yi shiru ba. Feshin wuta yake, kuma a cikin bututun ƙarfe yake, kusa da haƙoranka. A 2018 wani mutum a jihar Fulorida ta Amurka ya rasa ransa bayan irin wannan mara fanel ya fashe masa. Haɗarin wutar batirin nan ne ya sa kamfanonin jirgin sama ba sa yarda a sa shi a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, sai dai ta hannu.

Ka haɗa wannan da garinmu. A Maris da Afrilu zafi yana taɓa digiri 40, mutum ya bar abin a gaban mota ya shiga masallaci. Wuta ta zo da ƙarfi ta ɗauke, a koma janareta, ko a kai wajen masu cajin waya a jona da duk cajar da hannu ya kai. Orijina yana iya shanye wannan wulaƙancin na wani lokaci, jabu ba shi da wannan haƙurin. Kuma kowanne ka saya, kada ka jefa batir tsirara a aljihu tare da makulli ko silalla, kada ka bar shi a caji ka kwanta.

Koyil da ruwa su ne ba na iya aunawa da mita, kuma su suka fi tsaya mini a rai, don su ke shiga huhu. Koyil na kirki da ƙarfen kantal ko silba mara tsatsa ake yin sa, a naɗe da auduga mai tsabta. Na jabu, wane ƙarfe ake gasa maka kana zuƙa? Mai shagon ma bai sani ba. Ruwan kuma giliserin ne da furofilin gilaikol da ƙamshi da nikotin. A Ingila da Tarayyar Turai doka ta tsayar da nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita, amma da yawa daga 'yan ƙananan da ake sha a yar an rubuta musu kashi 5 cikin 100, wato miligiram 50. A na jabu ko rubutun ma ba abin dogaro ba ne. Daga 2019 zuwa farkon 2020 Amurka ta ga ciwon huhu da ya kama mutum sama da 2,800, 68 suka mutu, aka gano galibi daga ruwan wiwi ne na bayan fage da aka sirka da wani mai na bitamin E. Ba ruwan nikotin na kanti ba ne, kada in yi masa ƙazafi, amma ya nuna abin da ke biyo bayan zuƙar ruwan da ba a san wa ya dama shi ba.

To a sayi na dubu 48 ke nan? Ni ban ce ba. Yawancin kuɗin manyan nan na fitar da hayaƙi ne kamar an kunna yayi, da fuska mai launi, abin burge abokai a majalisa. Mai son barin taba ba wannan yake nema ba. Akwai ƙananan orijina, irin su Uwell Caliburn da Vaporesso XROS, batirinsu a ciki yake, wutarsu kaɗan ce, kuɗinsu kuma bai kai na manyan ba. Da za a ɗora maka irin wannan kusa da na dubu 13, da ka ga tazarar ba ta kai yadda aka nuna maka ba. Mai shago ya fi son ka ga biyu kawai, don kowanne ka ɗauka ya ci riba.

Wani abin da mai tsadar ma yake faɗuwa a kai shi ne kayan canji. Koyil mako ɗaya zuwa biyu yake yi ya ƙone. In babu irinsa a Bauchi, sai an aiko daga Kano ko Legas, to kwana uku na jira sun isa su mayar da kai wajen mai tireda. Kafin ka tambayi kuɗin na'ura, tambayi koyil: akwai shi, nawa ne, kuma wa ke da shi in wannan shagon ya rufe?

Gane orijina ba wuya. Yawancin kamfanonin suna manna 'yar takarda a kwali da ake kankarewa, kamar ta jikin maganin maleriya. Ka kankare a gaban mai shagon kafin ka miƙa kuɗi, ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka a intanet, don masu jabu kan buga hoton da zai kai ka shafinsu na bogi. In aka ce an riga an duba lambar sau da dama, an kwafe ta ne. In ya hana ka kankarewa, ka riga ka sami amsa.

Batun hukuncinsa na bar wa malamai. Amma orijina ma ba magani ba ne, nikotin ɗin nan dai shi ne ya riƙe ka shekara 14, kuma in ka haɗa shi da taba kana shan biyun, babu inda ka je. Wanda bai taɓa shan taba ba, da yara, da mai ciki, babu ruwansu da shi. Kwalbar ruwan kuma a kulle ta, ƙamshin alawa take yi, kuma guba ce in yaro ya kurɓa. Tarin nan naka ka kai shi asibiti tukuna, ka kuma tambayi likita batun cingam da filastar nikotin, waɗanda ba su da batir balle su fashe.

In ka koma shagon, ɗauko mini hoton kwalin gaba da baya da na jikin batirin. Ko ka biyo da shi teburina bayan La'asar, mu ɗora shi a mita.