Famfon sola na bakin kasuwarmu

Wata biyar ke nan ina ɗiban ruwa a famfon da kansilanmu ya sa aka haƙa bayan zaɓen ƙananan hukumomi. Ranar zaɓen na tsaya wa kansilan layi tun hantsi har azahar, kuma ban yi da-na-sani ba. Famfon mai baki shida ne, ruwan garai-garai, ba gishiri. Jarka takan cika kafin ka gama gaisawa da maƙwabta. Da sai na ba 'yan garuwa naira 200 kan kowace jarka, yanzu 50 muke ba mai gadi.

Matsalarsa biyu. Ranar da hadari ya rufe rana, tankin kan ƙafe kafin la'asar. Sannan ba a yi magudana ba, ruwa ya kwanta gefen masu tumatir, sauro sai abin da ya ƙaru. Ranka ya daɗe kansila, a taimaka mana da kwalbati kafin damina ta kankama.