Sharhi kan Last of the Summer Wine, shirin tsofaffi uku marasa jin magana

Duk wanda ya taso a Kaduna lokacin da ake zaman jiran Samanja Mazan Fama a NTA ya san irin dariyar da nake nufi. Ba ihu, ba ashar. Mutum ne kawai zai shigo da halinsa, ka fara murmushi tun bai buɗe baki ba. Wannan ɗanɗanon na sake samu a Last of the Summer Wine, shirin barkwanci na BBC, kuma bayan na kalli kaso mai yawa daga cikinsa ina ganin ya cancanci a ba shi lokaci.

An fara nuna shi ranar 4 ga Janairu 1973, aka rufe ranar 29 ga Agusta 2010. Zango 31, kashi 295, kuma mutum ɗaya ne, Roy Clarke, ya rubuta su duka. A garin Holmfirth da tsaunukan da ke kewaye da shi, a arewacin Ingila, aka ɗauke shi.

Ginin kowane kashi kusan ɗaya ne, kuma a nan daɗin yake. Abokai uku ne da ba su da wurin aikin zuwa. Compo, wanda Bill Owen ya fito a matsayinsa, shi ne ƙazami mai yagaggen wando da hular sanyi da takalmin ruwa. Clegg, wato Peter Sallis, matsoraci ne mai sanyin murya, shi ke jefa maganar da sai an wuce ta kake gane zurfinta, kuma shi kaɗai ne ya fito a kashi 295 ɗin gaba ɗaya. Na ukun, wanda aka riƙa sauyawa a tsawon shirin, shi ne mai son shugabanci. Za su hau tudu suna hira, su zauna a kan katangar dutse, na ukun ya kawo wata dabara, a ɗora Compo ya gwada, abin ya watse. Har cikin bahon wanka an taɓa gangaro da shi kan titi. Can kuma ga maƙwabciyarsa Nora Batty a bakin ƙofa da tsintsiya, safarta ta tattare a ƙwauri, tana jiran ya matso ta kora shi.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba a mayar da tsufa abin wulaƙanci ba. Je ka majalisar dattawa a gindin darbejiya a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi bayan la'asar, za ka ji irin wannan tsokanar: an san labarin da wane zai bayar, an san ƙarin gishirin da ke ciki, amma ana barinsa ya kai ƙarshe saboda zaman tare na shekara hamsin. Shirin ya fahimci wannan sosai. Ana yi wa juna shaƙiyanci, ba a yar da kowa.

Shawarata ga mai farawa, kada ya soma da zango na 1 da na 2. A lokacin jaruman ba su tsufa ba tukuna, maganar ta fi kaifi, hoton kuma ya dusashe. A fara daga 1976, inda Brian Wilde ya shigo a matsayin na ukun, wato Foggy, tsohon kofur mai cika baki da labarin yaƙi alhali aikinsa a soja bai wuce rubuta alluna ba. Wanda ya so Samanja zai gane shi nan take. Ya fita a 1985, ya dawo daga 1990 zuwa 1997, kuma waɗannan shekarun su ne tsokar shirin.

Yawancin kashi minti 30 ne. Idan wajen masu tura fina-finai za a karɓa, a yi lissafi: in kowanne ya ci megabayit 150, duka za su kai wajen gigabayit 44, don haka katin 32 ba zai ɗauka ba. A tabbatar an haɗa da rubutun ƙasan allo, a kuma gwada shi tun a shagon ko yana tafiya daidai da magana. Turancin yankin yana haɗiye haruffa, kuma rabin barkwancin a cikin magana yake, musamman ta Clegg. Kashi biyu a zama ɗaya sun isa. Wanda ya jera goma zai ga maimaicin a fili, domin an yi shi ne don kallon mako-mako.

Yana da nakasu. Bayan rasuwar Bill Owen a 1999 an yi kashi uku a shekarar 2000 kan mutuwar Compo da jana'izarsa, waɗanda a wurina suna cikin mafi kyau. Daga nan sai aka cika shirin da mutane, minti talatin ya rarrabu, hirar abokai ukun ta ragu, faɗuwa da gangarowa suka ƙaru. Jaruman ma shekaru sun ja, a ƙarshe Clegg ya fi fitowa a zaune cikin ɗaki.

Masu kallo da iyali su sani akwai zama a mashaya, akwai kuma Howard, magidanci da ke laɓe-laɓe da wata Marina a bayan matarsa Pearl. Ba a nuna tsiraici, kuma kullum asirinsa tonuwa yake, amma zancen yana dawowa a kusan kowane kashi na baya-bayan nan. In da yara a falo, gara babba ya fara duba kashin, remot kuma ya zauna a hannunsa.