Akwatin murɗa fistin birkin baya: yana aiki, amma faifayensa na son gyara

Duk wanda ya saba canza takalman birkin gaba ya san yadda ake yi da fistin, wato ƙarfen da ke tura takalmi idan an taka birki: a matsa shi a hankali, ya koma cikin kalifa, gidan ƙarfen da yake zaune a ciki, shi ke nan. A baya ba haka ba ne a motoci da yawa. Irin su Golf 4, wadda ita nake tuƙawa, birkin hannu a cikin kalifar baya yake aiki, kuma fistin na zaune ne a kan wani zare irin na notu. Ko ka danna shi da ƙarfin tsiya ba zai koma ba, sai dai ka lalata abin da ke ciki. Dole a riƙa murɗa shi ana turawa a lokaci guda. Wannan ne ya sa na sayi akwatin nan na kayan mayar da fistin, irin wanda ake cewa yana shiga kowace mota.

A ciki akwai sanduna biyu masu zare, ɗaya na juyin dama ɗaya na juyin hagu, da farantan ƙarfe da ake tokarewa da su a jikin kalifa, sai tarin ƙananan faifaye masu haƙora waɗanda ke kama fuskar fistin. Sandunan su suka fi burge ni. Ƙarfensu mai nauyi ne, zaren a goge yake, ba ya cijewa. A kan sandar akwai maganaɗisu da ke riƙe faifan, abin da ba ka sanin amfaninsa sai kana durƙushe, hannu ɗaya riƙe da kalifa, ɗayan yana laluben ramukan fistin.

Na sa duwatsu a tayoyin gaba, na saki birkin hannu, na ɗaga motar na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne ga mai cusa hannu ƙarƙashin mota. Notunan kalifar Golf 4 sifana 13 ke kwance su, amma sai ka riƙe sandar da suke ɗaure a kai da siririyar sifana 15, in ba haka ba duka su riƙa juyawa tare. Da kalifa ta fita na rataye ta da waya, kada nauyinta ya ja tiyon mai. Na buɗe murfin tankin man birki, saboda man yana hawowa idan fistin ya koma, kuma in ya zubo a kan fenti cin sa yake yi.

A nan ne akwatin ya nuna kansa. Na ɗora faifan, na tokare farantin, na ɗaure zoben da ke kan sandar har ya kama farantin, sannan na fara murɗawa yadda hannun agogo ke tafiya. Juyin farko ya yi tauri sosai, daga nan fistin ya saki, yana shiga a hankali. Bayan kowane juyi biyu ko uku farantin yakan yi sako-sako, sai ka sake ɗaure zoben. Abin da za ka zuba wa ido shi ne robar da ke kewaye da fistin. Tawa ta fara bin sa tana nannaɗewa, na tsaya, na ɗaga bakinta da farce na ɗan shafa man birki, ta kwanta. Idan robar nan ta yage, ruwa da ƙura za su shiga, fistin ya yi tsatsa ya maƙale, aikin takalmi ya koma aikin kalifa. Da sandar nan kana da hannun da za ka lura da ita. Mai fama da filaya wajen murɗa fistin kuwa hankalinsa duka yana kan kada ta zame.

Ga inda ban ji daɗi ba. Faifayen ba su kai sandunan inganci ba. Wanda ya dace da motata haƙoransa sun ɗan yi wa ramukan fistin ƙanƙanta, yana wasa, kuma da na gama gefe na biyu gefen haƙorin ɗaya ya fara lanƙwasa. Takardar da ke ciki mai nuna lambar faifai da sunan mota ba ta taimake ni ba. Gwadawa na yi ɗaya bayan ɗaya har na samu wanda ya zauna. Yawancin sauran kuwa ba zan taɓa amfani da su ba. Da sun rage yawansu sun ƙara musu tauri, da ya fi. Sandar hagu kuma kada ka raina ta: akwai motocin da fistin gefe ɗaya hagu yake juyawa, don haka duba littafin motarka kafin ka sa ƙarfi.

Sauran aikin ya tafi lafiya. Na kankare tsatsar inda kunnuwan takalmi ke zama, na shafa giris ɗin birki kaɗan a wurin da kuma sandunan da kalifa ke zamewa a kai, ban bari ya taɓa fuskar takalmi ko faifan taya da takalman ke matsewa ba. Kaurin tsofaffin takalman ya kusa milimita 3, lokacin canji ya yi. A wasu motoci bayan takalmin ciki yana da ɗan ƙullutu da dole ya faɗa ramin fistin, kuma sandar nan tana ba ka damar tsayar da fistin daidai inda kake so. Na ɗaure notunan taya a 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), na tattaka birki har feda ta yi tauri kafin motar ta motsa, na ja birkin hannu na saki sau da dama, na duba man.

Idan birkin hannun motarka na maɓalli ne mai lantarki, wannan akwatin shi kaɗai ba zai yi ba, sai an fara janye injin birkin da na'urar kwamfuta ko ta hanyar da masu motar suka tsara. Idan kuma irin wadda birkin hannunta ke da nasa ƙananan takalma a cikin faifan taya ce, fistinta turawa kawai ake yi, ba ka bukatar murɗawa.