Hattara da mai tallar hulunan walda a WhatsApp

Salamu alaikum ƴan uwa masu walda na Maradi da kewaye. Akwai wani mutum da ke zuba hotunan hular walda mai yin duhu da kanta a zaurukan WhatsApp. Wai kayan Dubai ne, jika 12 kowace, amma sai ka aika kuɗi tukuna a sako maka a mota. Ni dai ya ci nawa.

Hula ta zo tsaf, har da zanen harshen wuta a gefe. Ban gwada ba, laifina ke nan, na miƙa wa yaron shagona ya wuni yana haɗa ƙofa da ita. Cikin dare mahaifiyarsa ta kira ni: idon yaro jawur, hawaye na zuba, yana cewa kamar an watsa masa rairayi. Kun san ciwon nan, sai bayan awanni yake tashi. Ashe tun safe ya ga gilashin ba ya sauyawa, kunya ta hana shi cewa "Maigida, hular nan ba ta aiki", ya yi ta ƙanƙance ido.

Da safe na kwance ta. Abin da ke sama kamar farantin sola, takarda ce mai sheƙi aka manna. Maɓallin ƙara duhu da aka rubuta wa 9 zuwa 13 yana juyawa, amma ko waya ɗaya babu a bayansa. Gilashin kuwa roba ce mai launi.

Ta gaskiya tana zama a duhun lamba 3 ko 4, kana ganin aikinka, wuta na tashi ta rufe kafin ƙiftawar ido. Kuma ko batirinta ya mutu tana tare hasken nan mai ƙona ido. Kada ku biya sai kun sa ta a kai: ku ƙyasta laita a gabanta, ko ku danna mata rimot ɗin talabijin, ku ga ta yi duhu. Ku juya maɓallin ku ga duhun ya ƙaru. Ku nemi EN 379, lambar ƙa'idar inganci ta Turai, a jikin gilashin kansa, kodayake rubutu ma ana bugawa na ƙarya. Ku buɗe gurbin batiri ku gani da idonku, yawanci ɗan faifan nan ne CR2032 ko CR2450.

Lambar wayar mai tallar ta daina shiga. Jiya wani abokin sana'a na Sabon Gari ya nuna mini hotunan nan dai da sabuwar lamba, yanzu jika 10.