Sandar gem ta asali ko sabuwa mai kayan Sanwa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da tsofaffin na'urorin gem biyu, NES ta kamfanin Nintendo da Mega Drive ta kamfanin Sega, yana son hannu mai sanda irin na injinan gidan gem. Shin ya nemi na asali da aka ƙera a zamanin na'urorin, ko ya sayi sabo ya haɗa da adafta?

Malam, kafin ka zaɓa, ka san cewa ba kowane hannu mai sanda ne yake ɗauke da kayan gidan gem a cikinsa ba. Ɗauki NES Advantage, hannu mai sanda da Nintendo ta fitar a 1987. A ido sai ka ce an ciro shi daga injin gidan gem: nauyi, faɗi, manyan madannai. Amma in ka kwance shi, roba ce a ƙasa, irin wadda ke cikin ƙaramin hannun da aka saba. Shi ya sa sandar take da laushi, ba ta yin ƙaras-ƙaras, kuma bayan shekaru kusan 40 robar kan saki ko ta tsage. Na'urar gem ta Neo Geo ta 1990 ta bambanta, don sandarta na da ƙananan makunnai na gaske.

Sabon hannu kuwa, in mai kyau ne, za ka tarar da sandar Sanwa JLF ko Seimitsu LS-32, waɗanda ake sa wa injinan gidajen gem a Japan. Makunnai huɗu ne kewaye da sandar, kowanne na yin ƙara idan ka taɓa shi, hannunka na sanin ya shiga tun kafin idonka ya gani. Madannan ma girmansu sananne ne, milimita 30, ɗaya ya lalace ka cire ka sa wani. A ƙasan JLF akwai faranti mai kusurwa huɗu da ke iyakance motsin sanda. Sabon shiga kan yi ta karo da kusurwoyin a makon farko, wasu su canza shi da mai kusurwa takwas. Mai kusurwa huɗun kana iya juya shi ya koma ɓangarori huɗu kawai, abin da Pac-Man yake so ke nan.

Inda tsohon ya yi wa sabon fintinkau shi ne wurin jonawa. Ka cusa filogi, shi ke nan, babu mai shiga tsakani. Sabo galibi USB ne ko Bluetooth, dole adafta, kuma kowace na'ura da tata, tunda ramin NES fil bakwai ne, na Mega Drive tara. Adafta maras kyau na kawo jinkiri. Gem ɗin da ke tafiya hoto 60 a daƙiƙa, hoto ɗaya kusan miliseken 17 ne. Jinkirin hoto biyu ko uku ya isa ka faɗa rami a Super Mario Bros. (Sau da yawa ma talabijin ɗin zamani ce mai laifin, ake zagin adafta.)

Akwai kuma ɗan daɗin da sai tsohon. NES Advantage na da mamurɗai biyu na saita saurin harbi, ga madannin rage gudu wanda dabara ce kawai: yana danna Start da sauri, gem ya yi ta tsayawa yana tashi. A wasu gem yana aiki, a wasu sai ya yi ta buɗe maka menu.

A ɓangaren Sega ka lura da adadin madannai. Hannunta mai sanda, Arcade Power Stick na farko, uku gare shi. Mai shida ya zo daga baya, lokacin da gem ɗin faɗa Street Fighter II ya fito a Mega Drive a 1993. Da mai uku sai ka riƙa danna Start don sauyawa tsakanin naushi da shuri, wahala zalla.

Ni dai, a NES zan ɗauki na asali, don gem ɗinta madannai biyu ne kuma ba sa buƙatar juyin sanda mai wuya. In robar ta mutu ana samun sabuwa. A Mega Drive, in gem ɗin faɗa kake bugawa, sabo mai Sanwa da adafta mai waya. Idan za ka sayi tsohon, ka gwada kusurwoyi huɗun nan tukuna, sama-dama, sama-hagu, ƙasa-dama, ƙasa-hagu, don nan ne gajiyar roba ke fara bayyana.