Ƙarin Lokaci ko Gwajin Aiki: Wanne Ya Fi wa Mai Disleksiya?

Mai disleksiya ba daƙiƙi ba ne, haɗa harafi da sautinsa ne ke ba shi wuya. To, yaya za a auna shi a makarantar koyon sana'a?

Ƙarin lokaci a rubutacciyar jarrabawa ya fi sauƙi. A Ingila akan ƙara kashi 25 cikin ɗari. Amma takardar tana nan daram, ya yi ta kokawa da kalma ɗaya har farkon tambayar ya ɓace masa.

Gwajin aiki kuwa, a miƙa masa wayar lantarki da sukurdireba, ya haɗa soket yana bayani da baki. Yana cin lokacin malami, tunda ɗaya-ɗaya ake yi, amma ni nan na karkata. Sai dai karanta gargaɗin haɗari a jikin inji, wannan dole a gwada shi daban.