Vasa ko Skansen: Wanne Baƙo Zai Fara Gani a Sitokholm?

Dukansu biyu gidajen tarihi ne da ke tsibirin Djurgården a babban birnin Suwidin, 'yar tafiyar ƙafa ce tsakaninsu.

Gidan tarihin Vasa saboda jirgi ɗaya tak aka gina shi. Jirgin yaƙi ne na Sarkin Suwidin Gustav Adolf, mai igwa 64, wanda ya nutse ranar 10 ga Agusta 1628 a fitarsa ta farko, tun bai yi nisa ba, saboda samansa ya yi nauyi da yawa. Sai a 1961 aka tsamo shi. Ka tsaya gindin baƙin katakon nan, ka dubi kawunan zakin da aka sassaƙa a murafen ƙofofin igwa, sai tsigar jikinka ta tashi. Awa biyu sun isa, kuma sanyi ko ruwan sama ba ruwanka da su.

Skansen kuwa fili ne makeke. Artur Hazelius ya kafa shi a 1891, aka kwaso tsofaffin gidaje kusan 150 daga sassan Suwidin. Akwai masu gasa burodi, masu hura gilashi, ga kuma ɓangaren namun daji mai kyarketai. Yini guda yake ci, kuma ya fi daɗi lokacin ɗumi.

Mai yara ya nufi Skansen. Amma wanda lokaci ya ƙure masa, Vasa zan ce ya shiga.